Wa Ya Isa?

A gidan da yaro ya fara kawo ƙarfi akwai wata gajeriyar magana da ake rufe gardama da ita: "Ba ka isa ba." Uba kan faɗa wa ɗansa da ya nemi kwana wurin abokai, uwa kan faɗa wa 'yarta da ta ce ita za ta zaɓi ɗinkin sallarta. Wani lokaci maganar takan juya fuska ta fito daga bakin babba cikin ɓacin rai: "Ashe ban isa da kai ba?" Duk wanda ya saurara da kyau zai lura cewa ɓangarorin biyu kalma ɗaya suke ja, kowa ya riƙe gefe. Yaron yana son a yarda ya isa. Uban yana tsoron kada ya wayi gari bai isa ba. Yawancin abin da muke kira rikicin balaga, a ganina, gardama ce a kan ma'anar wannan kalma.

Isa kalma ce mai ɗaki da yawa. Matafiyi yakan isa Zariya, tuwo yakan isa baƙi, mangwaro yakan isa tsinka, mai mulki kuma a ce masa isasshe. Kaiwa ga wuri, wadatarwa, nuna da iko duk suna zaune a cikinta. Abin sha'awa shi ne kalmar balaga da muka aro daga Larabci ita ma daga nan ta taso, domin tushenta yana nufin kaiwa ga wani matsayi. Daga wannan tushe aka sami tabligi, wato isar da saƙo, daga nan kuma aka sami ilimin balaga da ake karantawa a zaurukan malamai, ilimin yadda magana za ta isa zuciyar mai sauraro. Bahaushe ya karɓi ma'anonin biyu da lafazi ɗaya. Idan aka ce wane ya balaga an san me ake nufi, idan aka ce wane yana da balaga an san me ake nufi, kuma ba a cika tsayawa a tambayi abin da ya haɗa su ba.

A wurin malaman fiƙihu balaga iyaka ce bayyananniya. Akwai alamominta: mafarki ga namiji, haila ko ciki ga mace, da tsirowar gashin gaba. In alamomin ba su bayyana ba sai a koma ga shekaru, 18 a ra'ayin da ya shahara a mazhabar Malikiyya da muke bi, 15 a wurin Shafi'iyya da Hambaliyya. Daga ranar da aka ƙetare wannan iyaka mutum ya zama mukallafi. Salla da azumi sun hau kansa, alƙalamin da hadisi ya ce an ɗage wa yaro ya sauko yana rubuta masa lada da zunubi. Shari'a ba ta ce masa ɗan mukallafi ko rabin mukallafi ba. Amma wannan mutumin da sama ta fara lissafa aikinsa kamar na kowane dattijo, idan ya idar da sallar asuba ya koma gida, sunansa yaro. Kuma yaro a Hausa ba ƙidayar shekaru ba ce kawai. Muna da yaron shago, yaron mota, yaron gida, yaran sarki. Mai furfura yakan zama yaron Alhaji har ya mutu. Kalmar tana nuna gurbi ne: wanda ake aika, wanda ba a shawara da shi, wanda maganarsa ba ta yanke komai. Saboda haka ɗan shekara 16 yana ɗauke da nauyin babba idan ana zancen laifi, yana kuma zaune a gurbin yaro idan ana zancen amana. Idan ya yi kuskure a ce masa ƙato da kai, idan ya kawo ra'ayi a ce yaushe aka haife ka.

In mutum ya nemi wata kalma da ta dace da wannan tsakani zai sha wuya. Saurayi da budurwa suna nan, amma sun jingina da neman aure har ta kai idan aka ce saurayinta ko budurwarsa ba shekaru ake nufi ba. Matashi kalma ce mai kyau, daga tashi ta fito, sai dai ta zama ta rediyo da 'yan siyasa, kuma ta yi faɗi da yawa: Yarjejeniyar Matasan Afirka ta 2006 ta sa matashi daga shekara 15 har 35, wato uba da ɗansa na iya shiga ƙungiya ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ware shekara 10 zuwa 19 a matsayin zango mai zaman kansa, mu kuwa idan za mu fassara sunan wannan zango sai mun yi dogon zagaye. Abin da muke da shi a yalwace shi ne kalmomin tuhuma: tashen balaga, rawar kai, fitsara, kangara, gagara, rashin ji. Wannan ta ƙarshen ta cancanci a dakata a kanta. Ji a Hausa ya haɗa saurare da fahimta da biyayya da abin da zuciya ke ɗanɗana. Idan uwa ta ce ɗanta ba ya ji, biyayya take nufi. Shi kuwa a daidai wannan shekarun ji ne ya yi masa yawa: yana jin kunya, yana jin haushi, yana jin kansa, yana jin idon mutane a kansa ko da babu mai kallonsa. An tuhume shi da rashin abin da ya cika masa ƙirji.

Harshe ba ya ƙera wa abu suna sai ya daɗe yana tuntuɓe da shi, kuma a da wannan tsakani gajere ne. A littafin Baba of Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakin wata dattijuwa a ƙasar Zazzau aka buga a 1954, 'yan mata suna shiga ɗakin miji ne a wajen shekara 14. Tsakanin ƙirgar dangi da lalle ba a cika samun damina da yawa ba. Namiji kan ɗan jima, amma ba a barinsa a rataye. A tsarin gandu, wanda Polly Hill ta yi nazarinsa a Batagarawa cikin littafinta na 1972, ɗa yana noma tare da mahaifinsa, amma yakan sami gayauna, 'yar gonar da amfaninta nasa ne, ya sayar ko ya adana. Samari suna da sarkinsu, suna da gayya, suna da dandali. Har ginin gida ya san da wannan mataki. Enid Schildkrout, wadda ta yi bincike a kan yaran birnin Kano a shekarun 1970, ta nuna yadda ƙaramin yaro ke ratsa kowane gida ba shamaki, yana kai saƙo da kayan sana'a tsakanin matan kulle, sai ranar da ya girma a rufe masa wannan ƙofa. Daga nan ba ya shiga gidan wani, a gidansu ma akan fitar da shimfiɗarsa zuwa zaure ko shagon ƙofar gida. Zaure kuwa ba ciki ba ne, ba waje ba ne. Wuri ne na wanda ke kan hanya.

Abin da ya faru a zamaninmu shi ne zauren ya zama mazauni. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya kwashi yara zuwa aji, tsarin 6-3-3-4 ya shimfiɗa shekara 16 na karatu ga wanda bai taɓa tuntuɓe ba, kuma wa ya taɓa ratsa shi ba tuntuɓe? Akwai jiran jarrabawar shiga jami'a, akwai yajin aiki irin na malaman jami'a da ya ci wata takwas a 2022, akwai bautar ƙasa, sannan neman aiki, sannan tara kuɗin lefe. A ɗaya gefen kuma jiki yana gaggawa. A ƙasashen Turai da aka daɗe ana ajiye lissafi, shekarun fara haila sun sauko daga wajen 16 ko 17 a tsakiyar ƙarni na 19 zuwa wajen 13 a yau, kuma ingancin abinci na cikin manyan dalilai. Balaga tana zuwa da wuri, isa ta aure da sana'a tana zuwa a makare, tsakaninsu shekara goma ko sha biyar. Iyaye na yau su ne kusan na farko a tarihinmu da aka ɗora wa riƙon balagaggen mutum na tsawon wannan lokaci a ƙarƙashin rufi ɗaya, da kuɗin aljihunsu, kuma kalmomin da suka gada an ƙera su ne don tafiyar shekara biyu.

Wani zai ce duk wannan shigo-shigo ne na Turawa, kakanninmu sun yi renon 'ya'ya ba su san wani zango na musamman ba. Akwai gaskiya a ciki, amma gaskiyar tana goyon bayan abin da nake faɗa ne. A Amurka ma sai a 1904 G. Stanley Hall ya fitar da babban littafinsa a kan wannan zango, daidai lokacin da makarantun sakandare ke yaɗuwa ana janye yara daga gona da masana'anta. Ya ɗauka guguwar shekarun nan halitta ce da ba makawa. A 1928 Margaret Mead ta fito da nazarinta na tsibirin Samowa tana cewa tsananin guguwar ya danganta da yadda al'umma ta tsara rayuwa. An yi ta jayayya da bayananta daga baya, amma tambayar da ta ɗaga tana nan. Ba littafi ne ya kawo mana matsalar ba, canjin da ya sami Turawa ne ya same mu. Akwai kuma ɓangaren da ba ruwansa da Bature ko Bahaushe. Masu nazarin ƙwaƙwalwa sun nuna cewa sashen gaba, mai auna sakamako da taka wa zuciya birki, ba ya gama nuna sai an shiga shekaru ashirin da wani abu, alhali sassan sha'awa da son burgewa sun riga sun farka. A wani gwaji da Margo Gardner da Laurence Steinberg suka wallafa a 2005, an sa mutane wasan tuƙin mota a kwamfuta: masu ƙananan shekaru sun ƙara ganganci sosai idan abokansu na kallo, manya kuwa kallon bai canja su da yawa ba. Duk wanda ya ga yadda ɗan unguwa ke sarrafa babur shi kaɗai, da yadda yake sarrafa shi a gaban majalisa, ya riga ya san sakamakon.

To idan jiki ya isa hankali bai gama isa ba, ashe uban da ya ce "ba ka isa ba" bai yi ƙarya ba? Bai yi ƙarya ba, rabin magana ya faɗa. Sauran rabin yana cikin aya ta 6 ta Suratun Nisa'i, inda ake zancen dukiyar marayu. Ayar ta raba abu biyu da muke cakuɗawa: kaiwa munzalin aure, da rushdu, wato shiriyar iya riƙe kai da dukiya. Ba a miƙa wa maraya dukiyarsa don ya balaga kawai, sai an ga rushdu. Amma ayar ba ta ce a zauna a jira rushdu ya faɗo daga sama ba, umarni ta yi a jarraba su. Malaman tafsiri sun bayyana jarrabawar da cewa a ba yaro wani abu kaɗan ya juya, a ga yadda zai yi ciniki, a ga ko za a cuce shi, a ga yadda zai kashe. Ma'ana, hanyar gane ko mutum ya isa ita ce a ba shi abin da zai iya ɓatawa. Gayauna ke nan. Manomin da ya yanka wa ɗansa gefen gona ya san wataƙila ciyawa ta cinye ta a daminar farko, kuma ya san asarar kwando biyu na gyaɗa araha ce idan aka gwada da asarar gandu gaba ɗaya ranar da ba ya raye. Gidan yau ya riƙe rabi ɗaya na ayar, hana dukiya sai an ga hankali, ya saki ɗaya rabin, wato jarrabawa. Muna jiran yaro ya nuna hankali a fagen da ba mu taɓa barinsa ya taka ba. Kuɗin cefanen mako, kula da karatun ƙane, zuwa gaisuwar mutuwa a madadin gida, zama a wurin da ake shawarar auren yayarsa a kuma tambaye shi abin da ya gani: waɗannan su ne gayaunar birni, kuma ba sa bukatar taki.

Masu tsauri za su kawo karin maganar da kowa ya sani, cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, su ce sassauci ne ya haifi sangarta. Ban musa cewa akwai gidajen da sakaci ya rusa ba, kuma ba da amana ba sakin linzami ba ne, domin mai jarrabawa yana tsaye yana kallo. Amma karin maganar da kanta ta sa wa'adi: tun yana ɗanye. Hadisin da ya yi zancen koya wa yara salla ya ambaci shekara bakwai da shekara goma. Wanda ya zo da dabarar ɗan shekara bakwai zai gwada a kan ɗan shekara 17, ba tanƙwarawa zai yi ba. Mun ga ƙarshen wannan hanya a 2019, lokacin da 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna, daga baya wasu a jihar Katsina, aka fito da ɗaruruwan mutane, da yawa da mari a ƙafa da tabon duka a baya. Abin da ya fi ciwo a labarin shi ne yawancinsu danginsu ne suka kai su, wasu har suna biyan kuɗi. Ba mugaye ba ne dukansu. Mutane ne da kalmominsu suka ƙare, suka tashi daga "ba ya ji" zuwa "ya kangare" zuwa "ya fi ƙarfinmu", kuma a ƙarshen wannan jeri babu abin da ya rage sai horo. Horo kuwa kalma ce da muke yi wa doki da ita. Tarbiyya, wadda muke furtawa kullum kamar ma'anarsu ɗaya, tushenta a Larabci yana komawa ga girma da ƙaruwa ne, aikin mai lambu da ke ba shuka wuri gwargwadon yadda take faɗaɗa.

A nan ma'ana ta biyu ta balaga take shigowa. Malaman wannan fanni sun ce magana ba ta cika balaga sai ta dace da halin wanda ake yi wa ita. Idan ɗa ya balaga, ana bukatar maganar iyaye ita ma ta balaga, kuma a daidai nan al'adarmu ta ɗaure musu harshe. Kunya ta hana uwa kiran sunan ɗanta na fari, balle ta zauna da shi a kan zancen mafarki da wanka. Haila ma sai an sakaya, a ce al'ada ko fashin salla. Ba na cikin masu ganin kunya cuta ce da za a warkar. Tsohon tsari ya san da ita, ya kuma yi mata magudana. Abin da uba ba zai iya faɗa ba kawu zai faɗa, abin da ya fi ƙarfin bakin uwa goggo ko inna za ta ɗauka, kaka kuwa, da ke kiran jikanta mijinta tana tsokanar jikarta da kishiya, tana iya cusa magana mafi nauyi a cikin wasa. Riƙo ma yana cikin wannan hikima, a ba 'yar'uwa ɗa ta raina don ta fi iya kallon idonsa. Yanzu ma'aikaci yana gidan haya a Abuja ko Legas, kaka tana ƙauye, goggo sai a waya ranar salla. Kunyar ta biyo mu birni, magudanar ta tsaya a gida. Tambayoyin da yarinya 'yar shekara 12 ke da su ba su fasa zuwa ba, kuma wayar hannu ba ta jin kunyar kowa. Iyaye da yawa suna ɗora wa TikTok laifin raba su da 'ya'yansu, alhali kujerar da ya zauna a kai ya tarar da ita babu kowa. Mafita ba lallai ta zama uba ya yaye kunyarsa ba. Yana iya naɗa wanda zai yi magana a madadinsa, da gangan, kamar yadda ake naɗa waliyyi: wane, ga ɗanka nan, ka riƙa jansa a jiki.

Saura masu cewa a aurar da su kawai a huta. Wannan amsa tana da tsari a cikinta, domin tana son mayar da tsakanin gajere kamar da. Sai dai auren da ya yi aiki a gandu ya yi ne saboda akwai gona da ɗaki da dattawa kewaye da ma'auratan. Aurar da wanda ba a taɓa jarraba shi da kuɗin cefane ba, matsar da gardamar isa ne daga gidan uba zuwa gidan miji, inda za ta ƙare a gaban alƙali. Ga 'ya mace abin ya fi tsanani, domin ita kalmar ma an taƙaita mata. Idan aka ce yarinya ta isa, ba a bukatar ƙarasa jimlar, kowa ya san aure ake nufi. Ba a cika jin ta isa a ba ta jari, ko ta isa a ji ra'ayinta ba, ko da yake ayar marayu ba ta ware maza ba. Akwai kuma mai cewa talauci ne tushen komai, gyaran kalma ba ya cika tukunya. Haka ne, amma ɗan talaka da ke tura baro a kasuwar Dawanau yana kawo kuɗin gari gida ya riga ya ci jarrabawar rushdu, kuma sau da yawa shi ma idan ya buɗe baki a kan yadda za a kashe kuɗin, abin da zai ji shi ne yaro bai san wuta ba.

Ɓangaren da ya fi wuya shi ne na mai tambayar "ban isa da kai ba?" Tsoronsa na gaske ne. Shekara goma sha wani abu yana ba da umarni ana bi, yau ga wani mai kama da shi, tsayinsu ɗaya, yana tambayarsa dalili. Yana ganin kamar isa ma'auni ɗaya ce a gidan, in ɗan ya ɗiba tasa ta ragu. Harshenmu ya taɓa yi wa wannan tsoro dariya ta wata hanya: jaririn da ya ci sunan kakansa ana kiransa Abba ko Babangida tun yana zanin goyo, jaririya a ce mata Ummi ko Mama, sai sun yi gemu ko sun fara ɗaura ɗankwali a tuna cewa yara ne. Suratun Nur, a aya ta 58 da 59, ta koya wa yara neman izini kafin shiga wurin manya a lokuta uku, ta ce in sun balaga su riƙa nema kamar yadda manya ke yi. Hukuncin a kan ɗa yake, amma ya shigar da shi sahun mutanen da ƙofa ke tsakaninsu da juna, kuma ƙofa fuska biyu gare ta. A wasu gidajen akan kai ranar da uba zai zo bakin shagon ɗansa, shagon da shi ya gina da kuɗinsa, ya tarar da labule a sake, ya tsaya daga waje ya yi sallama, ya jira a amsa.